Mai jiran dashen huhu da atisayen ƙarfafa ƙafafu: me ya haɗa su?

Uwar Yara, daga Ingila

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin lafiya da kuma waɗanda suka taɓa shiga irin halin da muke ciki. Maigidana yana da shekara 58, kuma yana fama da ciwon da ke sa naman huhu ya yi tabo ya ƙandare, har ya kasa buɗewa yadda ya kamata. Likitoci sun ce ba a gano musabbabinsa ba, kuma magungunan da yake sha rage gudun ciwon kawai suke yi, ba sa warkar da shi. Yanzu dare da rana yana kan oksijin, kuma bayan gwaje-gwaje masu yawa an sa sunansa cikin jerin masu jiran dashen huhu a nan Ingila inda muke zaune.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da aka sa shi a jerin aka haɗa shi da sashen fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki, aka ce lallai ya riƙa zuwa motsa jiki, kuma mafi yawan abin da suke sa shi yi na ƙafa ne. Su zaunar da shi a kan wata na'ura ya tura nauyi da tafin ƙafafunsa, su ɗaura masa jakar yashi a idon sawu ya riƙa miƙe gwiwa, su sa shi ya tashi daga kujera ya koma ya zauna ba tare da ya dafa komai ba. Mutumin nan daga falo zuwa banɗaki sai ya tsaya ya jingina da bango, kuma ko sallar farilla a kujera yake yin ta. Duk ranar da ya je, washegari cinyoyinsa na ciwo. Mahaifiyarsa da yayyensa suna kira daga gida suna cewa in hana shi, wai mara lafiya hutu yake bukata, ɗan ƙarfin da ya rage masa a tattala shi saboda ranar tiyata. Ni kuma na rasa amsar da zan ba su, domin ni ma abin da suke faɗa yana cikin raina.

Tambayata ita ce, tunda huhu ne ke ciwo kuma shi za a canza, me ya kawo maganar ƙafa? Babu haɗari ga wanda numfashi ke gagara ya riƙa ɗaga nauyi? Kuma in har abin ya zama dole, wane ma'auni ne daidai, yadda za mu gane cewa ba a wuce gona da iri ba?

Likitan Fisiyo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba Malam lafiya, Ya kawo huhun da zai dace da shi cikin sauƙi. Horar da masu ciwon huhu shi ne aikina, kuma tambayar nan taki kusan kowane iyali yana yin ta a farkon shiga wannan hali.

Ciwon huhu mai tsanani ba a ƙirji yake tsayawa ba. Wanda numfashi ke yi wa wuya yana rage zirga-zirga ba tare da ya sani ba: ya daina hawa bene, ya daina takawa zuwa masallaci, a miƙo masa ruwa, a kawo masa abinci inda yake zaune. Tsokar da wannan zama ya fi ci ita ce babbar tsokar gaban cinya wadda ke miƙe gwiwa, alhali ita ce ke ɗaga mutum daga zaune, ita ce kuma ke riƙe shi a kan matakala. Ban da zaman, akwai ƙarancin oksijin a jini, akwai rashin cin abinci domin mai haki ba ya iya ci da yawa, akwai kuma magunguna irin su prednisolone waɗanda idan aka daɗe ana sha suke zaftare tsokar cinya da ta ƙugu. A cikin masu ciwon toshewar hanyoyin numfashi da ake kira COPD, wanda shi aka fi yin nazari a kansa, wani bincike na shekarar 2010 ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku suna da raunin wannan tsoka, kuma tun a 2007 masu bincike a Landan suka nuna cewa ƙarfin cinya yana da alaƙa da tsawon ran masu wannan ciwo. Masu tabon huhu irin na Malam su ma ana samun wannan rauni a jikinsu.

Tsokar da ta yi rauni yanayin aikinta ma canzawa yake. Tana saurin gajiya, kuma tana fara zubar da sinadarin laktik cikin jini tun aikin bai kai ko'ina ba, jiki kuwa ba shi da hanyar gaggawa ta rage wannan tsami sai ta hanzarta numfashi. Ma'ana, tafiyar da Malam ke yi daga falo zuwa banɗaki tana cin numfashi mai yawa idan cinyar ta yi laushi, tana cin kaɗan idan tana da ƙarfi, alhali huhun bai canza ba. Atisayen ba zai goge tabon huhu ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya ce miki zai goge ya yaudare ki. Abin da yake yi shi ne rage yawan iskar da ƙafa ke nema daga huhun da ya riga ya gaza.

Dalilin da ya sa muke dagewa a kan nauyi, ba tafiya kaɗai ba, shi ne tafiya da tuƙa keke suna sa tsokoki da yawa aiki lokaci guda na tsawon mintuna, sai haki ya tsayar da mutum tun ƙafar ba ta sami aikin da zai ƙara mata ƙarfi ba. Miƙe gwiwa da nauyi kuwa tsoka ɗaya yake kamawa, na ƙasa da minti ɗaya, sannan a huta. Saboda haka wanda ba zai iya tafiyar minti biyar a jere ba yana iya ba cinyarsa aiki na gaske ba tare da numfashi ya sarƙe masa ba. Ana haɗa su biyun ne, kowanne da amfaninsa.

Babban dalilin kuma yana gaba, wato bayan tiyata. Sabon huhu tamkar sabon inji ne a motar da tayoyinta suka suɗe, injin ba zai gyara taya ba. An daɗe da lura cewa mutane da yawa da aka yi wa dashe, duk da huhunsu na aiki lafiya, iyakar ƙarfin da suke kaiwa a gwajin motsa jiki bai wuce kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na abin da ake sa ran sa'anninsu su kai ba, kuma idan aka tambaye su abin da ya tsayar da su, gajiyar ƙafa suke ambata. A jami'ar Leuven ta Beljiyam an auna ƙarfin cinyar marasa lafiya kafin dashe da bayansa, aka wallafa a 2008 cewa yana faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku bayan tiyatar, kuma daɗewa a sashen kulawa ta musamman yana daga cikin abin da ke ƙara raunin. To wanda ya shiga ɗakin tiyata da ɗan ƙarfi kaɗan, idan aka zabge masa sulusi, abin da zai rage ba lallai ne ya ishe shi tashi daga gado ba. Saboda haka tattalin da dangi ke nufi gaskiya ne ana bukatarsa, sai dai tsoka ba ta ajiyuwa da kwanciya, raguwa take yi. Cibiyar dashe ta Toronto a Kanada, inda aka fara samun nasarar dashen huhu mai ɗorewa a 1983, ta daɗe tana sa masu jira zuwa horo sau uku a mako, kuma nazarin da suka wallafa a 2013 ya nuna cewa waɗanda suka fi nisa a gwajin tafiyar minti shida kafin dashe sun fi saurin barin asibiti.

Game da ma'auni, jagorar da ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka da na Turai suka fitar tare a 2013 ta ba da shawarar a yi irin wannan atisaye kwana biyu zuwa uku a mako, kowane motsi a maimaita shi sau 8 zuwa 12, zagaye ɗaya zuwa uku, da nauyin da ya kai kamar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na mafi nauyin abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya. A aikace muna nufin nauyin da na ƙarshe-ƙarshen za su yi masa wuya amma ya iya kammala su ba tare da ya karkace jiki ba. Idan ya fara wuce adadin da sauƙi, sai a ƙara nauyi kaɗan. Ga mai jiran dashe sau da yawa muna farawa ƙasa da haka. A bar kwana ɗaya tsakani, domin a ranar hutun ne tsoka ke ginuwa. Ciwon cinya da ke zuwa washegari ya lafa cikin kwana biyu ko uku abu ne da aka saba gani, musamman a makonnin farko. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne ciwo mai suka a cikin gaɓar gwiwa, ko kumburi, ko gajiyar da za ta kwantar da shi yini guda.

Abu ɗaya da za ki iya taimaka masa da shi tun yau shi ne ki lura da numfashinsa yayin da yake tashi daga kujera. Ya shaƙa tun yana zaune, ya riƙa fitarwa a hankali yayin da yake miƙewa, sannan ya koma ya zauna a hankali ba ya faɗa cikin kujerar ba, domin saukowar nan ta a hankali tana ƙarfafa cinya sosai kuma ba ta cin numfashi kamar tashin.

Baban Amira, daga Amurka

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah Ya saka miki da alheri. Ni an yi mini dashen huhu biyu a nan Amurka, kuma zan faɗa miki abin da babu wanda ya iya fahimtar da ni sai da na gani da idona.

Irin tiyatar da aka yi mini, an tsaga ƙirji ne a kwance daga gefe zuwa gefe ta ƙasan nono, aka ratsa ƙashin tsakiyar ƙirji, sannan aka ɗaure shi da waya. Saboda ƙashin ya haɗe, sai aka hana ni dogara da hannu na tsawon makonni: ba tura jiki daga kujera, ba jan ƙarfen gado, ba ɗaukar abu mai nauyi. A lokacin ga robobi sun fito daga haƙarƙarina suna zubar da ruwa cikin mazubi a gefen gado, ga allurai a hannu da wuya. Ma'aikatan jinya ba su jira aka cire waɗannan ba, da aka zare mini na'urar numfashi suka zo su biyu suka ce in sauko da ƙafafuna in miƙe. Na rungume matashi a ƙirji da hannu biyu, kuma babu abin da zai ɗaga ni sai cinyoyina. A nan na gane cewa tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, wanda nake ta yi ina ƙorafi a watannin jira, shi ne ainihin abin da ake shirya ni dominsa. Haka abin yake a banɗaki, inda mazaunin ya fi kujera ƙasa, kuma namiji babba ba ya son a ce sai an ɗaga shi.

Abin mamaki shi ne yadda lamarin ya juye. Shekaru ina da ƙafa amma babu numfashi, sai ga shi iska tana shiga har ƙasan ƙirji amma ƙafafu suna rawa tun ban kai ƙarshen baranda ba. Magungunan hana jiki ƙin sabon huhu, irin su tacrolimus, tare da prednisolone da ake bayarwa da yawa a farko, su ma ba sa taimakon tsoka. Akwai waɗanda muka yi jinya lokaci ɗaya da suka daɗe a gado saboda matsaloli daban-daban, kuma wasu sai da aka wuce da su asibitin koyon tafiya kafin su koma gida.

Akwai wani tsoro da masu jira ke ɓoyewa, wataƙila Malam ma yana da shi bai faɗa ba, wato kada mutum ya yi ƙoƙari a ga kamar ya sami sauƙi a mayar da shi baya a layi. A nan Amurka maki ake ba kowa, tsarin da aka fara a 2005 aka sabunta shi a 2023, kuma nisan tafiyar minti shida yana cikin abin da ake dubawa, amma tare da abubuwa da yawa kamar yawan oksijin da mutum ke bukata da irin ciwonsa, kuma ana lissafa yiwuwar ya rayu bayan dashe. Ingila tsarinta daban ne, sai ku tambayi cibiyarku. Abin da likitana ya nanata mini shi ne, sun fi tsoron mutum ya yi raunin da ba za a iya yi masa tiyata ba.

Game da dangi kuwa, ƙauna ce ke sa su faɗin haka, kada ki yi jayayya da Hajiya babba. Ni ƙanena na sa ya ɗauki bidiyona ina atisaye da robar oksijin a hanci da ma'aikaciya a gefena tana duba na'ura, aka tura wa mahaifiyata, ta ga cewa magani ne da likita ya rubuta, daga nan sai ta koma tambaya ko na je yau.

Uwar Yara, daga Ingila

Na gode ƙwarai, Likita, na gode Baban Amira, Allah Ya ƙara lafiya. Na karanta wa maigidan duka, kuma maganar tsoron komawa baya a layi ashe tana ransa.

Akwai abin da ban ambata ba. Muna da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, kuma idan ya yi tashi da zama a gida lambar takan sauka zuwa 84, wani lokaci ƙasa da haka, ko da oksijin ɗin yana kunne. Sannan a gwajin zuciya na baya an ce jinin da ke zuwa huhunsa ya fara hawa. Gwiwarsa ta dama kuma tana da tsohon ciwo. Akwai kuma ranakun da ko wanka sai da taimako, balle zuwa asibiti. A irin wannan yanayi ya ci gaba da yi a gida, ko ya tsaya ga abin da ake yi a gaban ma'aikata?

Likitar Ƙirji

'Yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Na yarda da duk abin da abokin aikina ya rubuta, amma bayanin da kika ƙara ya sa dole in ja hankalinki, domin Malam ba ya cikin waɗanda za a ce su ƙara nauyi a gida da ra'ayin kansu.

Yawancin cibiyoyi suna so lambar oksijin ta tsaya a 88 ko sama yayin motsa jiki, kuma masu tabon huhu an san su da saurin faɗuwar wannan lamba da zarar sun motsa. Maganin hakan yawanci ba daina atisaye ba ne. Oksijin ɗin da ya ishe shi a zaune ba ya isarsa a tsaye, saboda haka likitansa ne zai rubuta masa adadin da zai riƙa buɗewa lokacin aiki, wani lokaci ma a canza masa robar hanci zuwa abin rufe fuska mai jaka. Ku kai wannan lamba ta 84 gare su a wannan makon. Ki sani kuma cewa na'urar yatsa tana iya nuna lamba sama da ta gaskiya a jikin masu baƙar fata. Wani nazari daga jami'ar Michigan da aka wallafa a 2020 ya gano cewa ƙarancin oksijin da na'urar ba ta nuna ba ya kusan ninka sau uku a baƙaƙe idan aka kwatanta da farare. Don haka idan lamba ta yi kyau amma leɓɓansa sun canza launi, ko kansa na juyawa, ko maganarsa ta rikice, jikinsa za ki gaskata.

Hawan jinin jijiyoyin huhu shi ne abin da ya fi damuna. Ɓangaren dama na zuciya ne ke tura jini zuwa huhu, kuma idan hanyar ta matse yana aiki ne cikin wahala. Mutumin da ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri don ɗaga abu mai nauyi yana ƙara matsi a ƙirji, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, sai jiri ko suma su biyo baya. Ga irinsa muna zaɓar nauyi mara yawa tare da ƙarin maimaici, kuma ba a riƙe numfashi ko sau ɗaya. Idan ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko bugun zuciya ya rikice, ya tsaya nan take a sanar da cibiya. Haka nan ba a atisaye da zazzaɓi, ko tarin jini, ko suka ta farat ɗaya a gefen ƙirji, ko kumburin sha-raɓa guda ɗaya mai zafi. Idan kuma numfashinsa ya ƙara tsananta cikin 'yan kwanaki ba tare da dalili ba, wannan ciwo yana da tashin gaggawa mai haɗari, kada a ɗauka gajiyar atisaye ce. A tambayi kuma ko an auna ƙwarin ƙashinsa, domin masu jiran dashe da yawa ƙashinsu ya zaizaye, kuma sunkuyawa da nauyi na iya karya ƙashin baya.

Duk da haka ba zan ce ya kwanta ba. Ƙungiyar likitocin dashen zuciya da huhu ta duniya, a ƙa'idojinta na 2021, ta lissafa rashin iya tafiya tare da ƙarancin damar farfaɗowa bayan tiyata cikin abubuwan da ke hana a yi wa mutum dashe. Wani nazari a Amurka a 2015 ya nuna cewa masu jiran da jikinsu ya yi laushi sun fi fuskantar a cire su daga jeri ko su rasu kafin huhu ya samu, kuma ɗaya daga cikin ma'aunan da aka yi amfani da su ya ƙunshi tsayuwa ba tangaɗi, da tafiyar mita huɗu, da tashi daga kujera sau biyar. Har waɗanda ciwo ya kai su ga na'urar da ke fitar da jini ta saka masa oksijin ta mayar, manyan cibiyoyi suna tayar da su su taka tare da ita idan hali ya yi, saboda wannan dalili.

Akwai dabaru ga wanda ya yi nisa. A Jamus an gwada masu COPD da ke jiran dashe a 2012, aka ga cewa tuƙa keke daƙiƙa 30 a huta daƙiƙa 30 ya ba da amfani daidai da tuƙi a jere, tare da ƙarancin haki. A Toronto an nuna cewa tuƙa keke da ƙafa ɗaya, sannan a canza zuwa ɗayar, yana ba tsoka aiki sosai ba tare da neman iska mai yawa ba. Ga ranakun da ko wanka ke gagara, akwai na'urar da ake manna wa cinya ta riƙa motsa tsoka da lantarki mara ƙarfi mutum yana zaune, kuma gwajin da aka yi a Landan aka wallafa a 2016 ya nuna ta taimaka wa masu COPD mai tsanani. Ita gwiwar dama, a ɗaga kujerar da matashi mai tauri don kada ya lanƙwasa ta da yawa, ko ya miƙe ƙafar a kan gado ya danne bayan gwiwa ƙasa na 'yan daƙiƙu yana numfashi. Ku nemi ma'aikacin fisiyonsa ya rubuta muku shiri biyu, na ranar da yake jin dama da na ranar da jiki ya ƙi.

Kada a manta da abinci, domin tsoka ba ta ginuwa ba tare da furotin ba. Ƙwai, kifi, kaza, wake da madara, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, sun fi masa sauƙi a kan babban kwano sau biyu da zai cika ciki ya tokare numfashi. Rama mai yawa da ƙiba mai yawa duka suna shafar cancantar dashe, don haka a riƙa auna nauyinsa.

Malam daga Zariya

Allah Ya saka wa likitoci da alheri. Mu a nan Najeriya ba a dashen huhu, kuma kuɗin fita waje ya fi ƙarfinmu. Ƙanena ya gama shan maganin tarin fuka, an ce ƙwayar cutar ta mutu, amma huhunsa ya lalace, kullum yana zaune a zaure yana haki, ƙafafunsa sun zama sirara. Shin wannan bayani ya shafe shi, ko na masu jiran dashe ne kaɗai?

Likitan Fisiyo

Ya shafe shi sosai, Malam. Asalin wannan horo ma ba don masu dashe aka tsara shi ba, don duk mai daɗaɗɗen ciwon huhu ne, kuma a Kampala ta Uganda an gwada shi a kan waɗanda tarin fuka ya bar wa lahani, da kayan aiki marasa tsada, aka ga tafiyarsu da jin daɗin jikinsu sun ƙaru.

Da farko a kai shi likita ya tabbatar cewa cutar ba ta dawo ba, a duba zuciyarsa da oksijin ɗin jininsa a zaune da kuma bayan ya taka, sannan a nemi a tura shi sashen fisiyo, wanda manyan asibitocin koyarwa irin na Shika da na Aminu Kano suke da shi. Idan an ba shi izini, kujerar katako mai ƙwari da aka jingina da bango ta isa a fara. Ya tashi ya zauna daidai ƙarfinsa, ko da sau biyar ne, ya huta har numfashi ya daidaita, ya sake. Ya dafa bango ya riƙa ɗaga dunduniya yana tsayawa a kan yatsu, ya hau dakali mai gajeren tsawo ya sauko yana canza ƙafa, kuma a zuba yashi kamar kilo ɗaya a tsohuwar safa a ɗaura masa a idon sawu ya riƙa miƙe gwiwa daga zaune. Haki matsakaici wanda zai iya furta gajeriyar magana a cikinsa ba laifi ba ne, amma idan kalma ɗaya ta gagara, ko ya ga jini a majina, ya dakata a koma asibiti. A rubuta adadin kowace rana a littafi, a ƙara kaɗan duk mako idan na baya ya yi sauƙi, kuma a yi da safe ko bayan la'asar, nesa da hayaƙin murhu da ƙurar hunturu.